Sansanin dogon hutu: babansa na so ya kwana can mako uku, ni hankalina bai kwanta ba

Assalamu alaikum. Ina da yaro ɗan shekara tara, dogon hutu kuma ya ƙarato. Maigidana ya samo wani sansanin yara da ake kwana a can har mako uku, ana koyar da iyo da tuƙin kwale-kwale, ana kuma kwana a tanti wasu ranakun. Ya ce yaron ya cika manne mini, lokaci ya yi da zai koyi tsayawa da ƙafarsa. Ni kuwa na fi son na jeka-ka-dawo da ke kusa da mu, a kai shi da safe a ɗauko shi da yamma. Yaron yana da asma, ba mai tsanani ba ce, amma takan tashi idan ya yi gudu sosai ko ya shaƙi hayaƙi. Akwai kuma abin da daga ni sai babansa muka sani: har yanzu yakan yi fitsarin kwance, kamar sau ɗaya ko biyu a wata. Bai ƙware a iyo ba, kuma bai taɓa kwana wani wuri ba tare da ni ba. Shi dai ɗoki yake yi saboda abokinsa zai je. Mun yi ta jayayya har maigida ya ce ni ce nake hana yaron girma, maganar nan kuwa ta tsaya mini a rai. Masu sansanin sun ce a ba da kafin alƙalami cikin mako biyu. Me ya kamata in duba, kuma tsakanina da shi wa ya fi gaskiya?

Daga wata uwa

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Na karanta wasiƙarki a tsanake. Kin ambaci asma, kin ambaci fitsarin kwance, kin ambaci ruwa, kuma duka ukun abubuwa ne da ake iya bincikawa a samu amsa, don haka kada ki yarda a mayar da su rigimar uwa mai shagwaɓa yaro. Maigidanki ma ba a banza yake magana ba. Ɗan shekara tara da bai taɓa kwana nesa da uwarsa ba ya kamata ya fara, kuma yaran da suka dace da sansani mai kyau sukan dawo sun iya gyara shimfiɗarsu, sun iya neman abin da suke bukata da bakinsu, sun yi abokan da ba na ajinsu ba. Inda nake ganin ya yi gaggawa shi ne yawan kwanakin. A ce wanda bai taɓa yin dare ɗaya a waje ba ya yi 21 a jere, wannan tsallen baɗake ne. Zuwan farko, kwana biyar zuwa bakwai ya wadatar, kuma sansanoni da yawa suna da gajeren zango na sababbin zuwa ko da ba su sa shi a takardar talla ba. Ki fara da tambayar wannan.

Kafin ki auna sansanin, auna yaron. Shekaru kaɗai ba sa nuna shiri. Akwai ɗan bakwai da zai je ya ƙi dawowa, akwai ɗan sha biyu da bai kai ba. Ki lura ko yana wanka da goge baki ba sai an tsaya a kansa ba, ko yana ware kaya masu datti da masu tsabta, ko kuma idan abu ya dame shi yana iya tunkarar babban da ba na gida ba ya faɗa. Wannan na ƙarshen ya fi sauran nauyi ga mai asma, domin a can shi ne zai fara buɗe baki ya ce ƙirjinsa ya riƙe. Hanyar sani kuwa gwaji ne, mako biyun da aka ba ku sun isa a yi shi. Ƙarshen makon nan ya kwana ɗaya a gidan ɗan'uwa ko aminin da kuka yarda da shi, da jakar da ya haɗa da hannunsa da maganinsa a ciki. Ki daure kada ki kira da daddare. Idan ya yi lafiya, ƙarshen mako mai zuwa ya yi kwana biyu. Bayan ya dawo ki tambayi masu gidan dalla-dalla: ƙarfe nawa barci ya ɗauke shi, ya farka cikin dare, ya ci abinci yadda ya saba, ya tuna da maganinsa da kansa ko sai da aka tuna masa.

Ɗokin nasa ma a tono tushensa. Yaron da ke son zuwa saboda aboki yakan ɗauka tare za su wuni, tare za su kwana, alhali sansani na iya raba su ɗaki ko rukuni saboda bambancin shekaru. Ki tambaya ko za a haɗa su. Sannan ki zaunar da shi lokacin da hankalinsa ke kwance, ki ce masa, "Idan ka farka cikin dare ba ka gan ni ba, me za ka yi? Idan abokinka ya samu wasu abokai fa?" Daga amsar da ya ba ki za ki gane ko ya taɓa tunanin daren, ko kwale-kwalen kawai yake hangowa.

Yanzu asma, wadda a nan nake so ki fi daɗewa. Ku je wurin likitansa kamar mako huɗu zuwa shida kafin tafiya, ku faɗa masa ainihin abin da yaron zai yi a can, wato gudu, iyo, kwana a tanti da zama kusa da wutar da ake hurawa da daddare. Ki nemi ya rubuta tsarin kulawa a takarda ɗaya: maganin da yake shaƙa kullum idan yana da shi, abin da za a yi idan tari ko shesshekar numfashi ta fara, shaƙa nawa za a ba shi, bayan minti nawa za a maimaita, da lokacin da za a daina jira a nufi asibiti. Wasu yaran likita kan ce su shaƙi maganin da ke buɗe numfashi kamar minti 15 kafin motsa jiki mai ƙarfi. Idan naki yana cikinsu, a rubuta. Ki tura abin shaƙa guda biyu, ki duba ranar lalacewarsu, ki rubuta sunansa a jikin kowanne, ki haɗa da 'yar kwalbar robar nan da ake jonawa a bakinsa don maganin ya isa huhu sosai. Idan yana da na kariya da ake shaƙa safe da dare, kada a dakatar don ya tafi hutu, nan ne yara da yawa ke samun matsala, saboda a gida uwa ce ke tunawa, a can kuma ba a ɗora wa kowa ba.

Tambayar da za ta bayyana miki sansanin ita ce: a ina abin shaƙarsa zai zauna? Sansanoni da yawa suna karɓe duk magunguna su kulle a ɗakin jinya, hakan kuma daidai ne ga ƙwayoyi. Amma mai buɗe numfashi, salbutamol, bai da amfani a cikin durowar da ke kulle idan yaron yana bakin tafki ko cikin tanti ƙarfe biyun dare. Dole ya kasance a jikinsa ko a jakar mai kula da rukuninsa, duk inda suka je. Ki tambaya ko akwai nas ko likita da ke kwana a harabar, ko kuwa mai horon taimakon gaggawa ne kawai. Ki tambayi nisan asibiti mafi kusa da mintuna, kada ki karɓi "ai ba nisa", kuma ki ji ko akwai mota da direba a shirye da daddare. Sai ki jarraba su da wannan: ta yaya mai kula da yara zai gane asma ta yi tsanani? Wanda ya san aikinsa zai ce miki idan yaro ya kasa ƙarasa jimla a numfashi ɗaya, idan fatar tsakanin haƙarƙarinsa ko ƙasan maƙogwaronsa tana lotsawa ciki, idan leɓɓansa sun canza launi, ko an ba shi maganin bai sassauta ba. Wanda ya fara kame-kame, to kin samu amsarki. Ki kuma roƙa a zaunar da shi ta inda iska ba ta kaɗo hayaƙin wuta, a ba shi wurin kwana mara ƙura da danshi, domin tsohuwar katifa da tantin da aka naɗe a jiƙe suna tayar da asma kamar yadda gudu ke yi.

Fitsarin kwance kuwa, ki sauke nauyinsa daga zuciyarki. Kusan ɗaya cikin yara 20 masu shekara goma har yanzu suna yi, don haka duk sansanin da ya daɗe yana aiki ya saba da shi. Abin da ke jawo abin kunya shi ne ɓoyewa. Idan ba a faɗa ba, yaron zai farka a jiƙe cikin yara bakwai, ba wanda zai nufa, sai ya rufe shimfiɗar da bargo ya bar ta ta yi wari, nan tsokana ke farawa. Ki faɗa wa shugaban sansanin da nas, da sanin yaron, bayan kin bayyana masa cewa mutum biyu ko uku ne kawai za su ji. Sannan ki saurari yadda za su ce suna yi. Tsarin da ke aiki shi ne a ba shi gadon ƙasa kusa da ƙofar banɗaki, da 'yar tocila a ƙarƙashin matashi. A tura zanen gado biyu ko uku iri ɗaya sak, don kada kowa ya lura an canza, da shimfiɗar roba a ƙasa, da leda mai kauri ta zuba jiƙaƙƙun kaya. Idan zai sa wandon dare mai tsotse fitsari, a cusa shi tun da rana can ƙasan bargo ko jakar barcinsa, ya sa bayan an kashe fitila, ya cire a ciki da safe. Kuma su shirya wata alama tsakaninsa da mai kula da ɗakin, misali ya ɗora takalmi ɗaya a kan gadon, shi kuma ya zo ya kwashe shimfiɗar lokacin da sauran suka tafi karin kumallo.

Ki yi wa likitan maganar wannan ma a zuwa ɗaya. Zai duba ko akwai taurin bayan gida, wanda yakan danne mafitsara ya ƙara yawan fitsarin dare. Akwai kuma magani, desmopressin, da likitoci kan ba yara don irin wannan tafiya, yana rage fitsarin da jiki ke haɗawa cikin dare. Idan ya rubuta, a gwada shi a gida tukuna, domin ba kowane yaro yake yi wa aiki ba. Yana da sharaɗi mai ƙarfi: a taƙaita shan ruwa daga awa ɗaya kafin a sha shi har awa takwas bayan haka, kuma ba a ba yaron da ke amai ko gudawa. Wannan sharaɗin dole nas ɗin sansanin ta sani. Abin da ba za a yi ba shi ne rage masa ruwa da rana don tsoron dare. Yaron da ke wasa cikin zafi yana bukatar sha akai-akai. Likitocin yara suna ba da ƙiyasin mililita 100 zuwa 250 duk minti 20 ga 'yan shekara tara zuwa sha biyu. Yara masu wannan matsala kan daina shan ruwa da kansu a ɓoye, don haka ki faɗa masa ƙarara cewa da rana ya sha ya ƙoshi.

Batun ruwa ba ya bukatar dogon bayani, amma ba a sassauci a kansa. Yaro ba ya nutsewa da ihu da fantsama ruwa yadda mutane ke zato. Shiru yake yi, kansa na sama yana ƙasa, cikin ƙasa da minti ɗaya ya ɓace. Saboda haka ki tabbatar ana gwada iyon kowane yaro a ranar farko, a raba su gwargwadon iyawa da alamar da ake gani daga nesa, kamar zare mai launi a hannu, a kuma killace inda marasa ƙwarewa za su tsaya. Masu tsaron ruwa su zama masu takardar horo, waɗanda ba su da wani aiki a lokacin sai kallon ruwan. Wanda ke koyar da iyo ba zai iya gadin sauran a lokaci guda ba. A haɗa yara bibbiyu, a riƙa busa usur ana ƙirga su. A kwale-kwale kowa ya sa rigar kariya mai hana nutsewa daidai jikinsa, har da gwanayen iyo, kuma robar hannun nan da ake hurawa ba ta maye gurbinta. A fom ɗin rajista ki rubuta gaskiya cewa bai ƙware ba, ko da zai ji haushi. Idan da hali, ku sa shi darasin iyo tun yanzu, ko wane sansani kuka zaɓa.

Sai mutanen da za ki damƙa wa ɗanki. Ƙungiyar sansanonin yara ta Amurka, ACA, tana da ma'aunin da za ki iya riƙewa a ko'ina kike: a sansanin kwana, babba ɗaya ga yara shida 'yan shekara 6 zuwa 8, ɗaya ga takwas 'yan 9 zuwa 14, a na jeka-ka-dawo, ɗaya ga takwas 'yan 6 zuwa 8, ɗaya ga goma 'yan 9 zuwa 14. Idan sun ba ki adadi, ki tambaya ko sun ƙirga da masu girki da ma'aikatan ofis, domin wasu da haka suke ƙawata lissafi. Abin da kike so shi ne yawan manyan da ke tare da rukuninsa, musamman da daddare da lokacin hutun ma'aikata. Ki tambayi shekarun masu kula da yaran, da yadda aka tantance su kafin ɗauka, da kwanaki nawa aka yi ana horar da su kafin yara su iso, da kuma nawa ne cikinsu suka yi aiki a wurin bara. Sansanin da kowace shekara sai ya sake ma'aikata kaf, akwai dalili. Ki nemi ganin lasisinsu da takardar inshora, kuma idan akwai hukumar da ke duba irin waɗannan wurare a inda kuke, ki tabbatar daga wurinta.

Akwai tambayar da iyaye ke jin nauyin yi, ke kuwa ki yi ta kai tsaye: shin an yarda babba ɗaya ya keɓe da yaro ɗaya inda ba a ganinsu? Amsar da ta dace ita ce a'a, kullum sai mutum uku, ko a fili inda ido ke kai. Ki ji yadda ake tafiyar da wanka da canza kaya, wa yaro zai kai wa ƙara idan mai kula da shi ne ya yi masa ba daidai ba, da abin da suke yi idan yara suka sa wani a gaba da tsokana. Wanda ya ce miki "mu ba a taɓa yin haka a wurinmu ba", bai ba ki amsa ba. Shi ma yaron ki koya masa tun a gida cewa ba wanda ke da ikon taɓa inda wandonsa ya rufe, kuma duk babban da ya ce masa "kada ka faɗa wa kowa", wannan ne abin da zai fara faɗa. Galibin sansanonin kwana suna hana yara riƙe waya, wannan ba laifi ba ne, yana ma taimaka musu su saki jiki. Amma dole a ba ki lambar da za a ɗauka dare da rana, a kuma faɗa miki a wane hali su za su kira ki: zazzaɓi, tashin asma, rauni, ko ƙin cin abinci.

Gani ya kori ji, don haka ku je wurin, ke da maigida da yaron. Ki wuce filin wasa da aka gyara don baƙi, ki nemi a nuna miki banɗaki, ɗakin kwana, ɗakin jinya da wurin girki. Ki tsaya a bakin gadon da zai iya zama nasa ki ƙirga taku nawa ne zuwa banɗaki, ki duba ko akwai fitila a hanyar. Ki karɓi jadawalin yini guda ki karanta: yaro mai shekarunsa yana bukatar barcin awa 9 zuwa 12, don haka idan ana kashe fitila sha ɗaya a tashe su biyar, kwana uku ya isa ya fara kuka da rashin lafiya. Ki duba ko akwai hutu a inuwa tsakar rana, ko yaro na da damar zaɓar wasu ayyukan da kansa, ko kuma za su kiyaye abin da gidanku ke kiyayewa na ibada da abin da ake ci. Daga nan ki nemi lambar iyaye biyu ko uku da 'ya'yansu suka je bara, ki tambaye su abu ɗaya: da matsala ta taso, yaya sansanin ya yi?

Kewar gida za ta zo, ki sa wannan a ranki. A rahoton da ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta fitar a 2007, wanda Christopher Thurber da Edward Walton suka rubuta, an nuna cewa kusan kowane yaro yana jin ta, kaɗan ne take kai su ga kasa ci da barci da wasa. Abubuwan da ke tsananta ta kuwa sun shafe ku ku biyun. Akwai rashin sabo da kwana a waje, wanda gwajin da na ce zai rage. Akwai jin cewa tura shi aka yi dole, wannan gargaɗi ne ga babansa: kada yaron ya ji ana cewa za a kai shi ne don a raba shi da uwarsa ko a mayar da shi namiji, zai ɗauke shi horo. Akwai kuma fargabar iyaye da yaro ke karantawa a fuska, wannan naki ne. Kada ki ce masa ba ki san yadda za ki yi barci ba idan ba ya nan. Kada kuma ki yi masa alkawarin "in ba ka ji daɗi ba, kira ni in zo in ɗauke ka", domin daga daren farko tunaninsa zai koma kan hanyar fita, ba zai yi ƙoƙarin sabawa ba. Ki ce masa zai yi kewar gida, kowa ma yana yi, idan ta zo ya faɗa wa mai kula da shi ya shiga wasa. Ku zana kwanakin a takarda ya riƙa sokewa, ki sa masa wasiƙa a jaka mai labari mai daɗi. Shawarar ɗauko shi kuma ta zama tsakaninku da shugaban sansanin: idan ya yi kwanaki ba ya ci, ba ya barci, ba ya shiga cikin yara duk da ƙoƙarinsu, a ɗauko shi ba tare da gori ba.

Na jeka-ka-dawon da kike so, shi ma kada ki ɗauka kusancinsa ya wanke shi. Duk tambayoyin abin shaƙa, ruwa da ma'aikata suna kansa, ƙari da motar da ke jigilar yara, da yadda suke tabbatar da wanda ya zo ɗaukar yaro da yamma. Wasu irinsa suna da daren kwana ɗaya a ƙarshen mako, wannan kuwa tsani ne mai kyau ga yaro irin naki.

Kafin ku ba da ko sisi, ku karɓi sharuɗɗan a rubuce: ana mayar da kafin alƙalamin idan kun fasa, zuwa wace rana, me ake mayarwa idan rashin lafiya ta hana shi zuwa ko ta dawo da shi a tsakiya, kuma me kuɗin ya ƙunsa, domin mota, wanki, kayan sawa na sansani da fita yawon buɗe ido sukan zo daga baya a matsayin ƙari. Idan mako biyun bai ishe ku ba, ku nemi ƙarin kwanaki. Yadda suka karɓi wannan roƙon ma zai nuna miki halinsu.

Maganar da maigida ya faɗa ta yi miki zafi, kuma kina da damar gaya masa hakan, amma ki ware ta daga batun sansanin, kada su cakuɗe. Ki same shi lokacin da yaron ba ya kusa, ki fara da inda kuka haɗu: "Maigida, na yarda ya kamata ya fara kwana a waje. Ga abin da nake so mu tabbatar tukuna." Ku amince tun yanzu a kan sharaɗin, kafin sakamako ya fito, don kada wani ya ga an yi masa wayo: idan ya yi gwajin kwana ɗaya da na biyu lafiya, likita ya amince, sansanin kuma ya ba da gamsasshiyar amsa kan abin shaƙa, ruwa da masu kwana da yara, zai je na mako ɗaya. Idan ɗaya ya faɗi, bana na jeka-ka-dawo ne, ana ci gaba da kwanan gwaji da darasin iyo, baɗi a sake dubawa. Ki bar wa babansa kiran sansanin da tambayoyin ruwa da ma'aikata, ke ki riƙe likita da nas. Wanda ya ji amsa da kunnensa ba sai an yi ta shawo kansa ba. Duk abin da kuka yanke, ku faɗa wa yaron tare, a matsayin shawararku ku biyu, kuma idan jeka-ka-dawo ne, ku gaya masa abin da ya rage ya iya kafin baɗi, kamar iyo daga wannan gefen kwamin iyo zuwa wancan da riƙe maganinsa da kansa, ba tare da an ambaci fitsarin kwance a cikin dalilan ba. Allah ya ƙara masa lafiya, ya daidaita tsakaninku.